Gudun Kirsimeti da Surukar 'Yata

Shekarun baya, bayan 'yata ta fari ta haihu, likita ya ce ta riƙa motsa jiki, sai ta tsiri fita gudu a wani fili kusa da gidansu a unguwar Abbey Wood da ke Landan. Ni dai nawa riƙon jika, in goya shi in yi ta zagaye falo har ta dawo tana haki.

Ku da kuka tashi a gida kun san kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunanta. "Ke" nake ce mata, in raina ya yi fari in ce "yarinyar nan". Ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba. Haka mahaifiyata ta yi wa yayanmu, kuma ga shi nan da ransa. Amma ita a Landan aka haife ta, a yi mata Hausa ta amsa da rabin Turanci, kuma na san rashin kiran sunan nan yana sosa mata rai.

Sai Allah ya haɗa ta da suruka mai daɗin baki. Uwar mijinta, wata Hajiya daga Dagenham, za ta kira sunanta ta ƙara da "my darling", ta sumbace ta a goshi ina zaune ina kallo. Ita kuma Mami take ce mata.

Wata rana ina ba jikana madara ta ce, "Mama, mun yi booking ɗin fun run, gudun nishaɗi, ni da Mami, washegarin Kirsimeti. Kilomita biyar ne kawai, na taimakon marasa gida. Za ki riƙe mana baby?"

Na ce, "Ke da wa?"

"Ni da Mami."

"Ni ƙafafuna aro na bayar?"

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Mama, you don't do these things."

Dariyar nan ce ta ja mini. Na ce ubansa ya riƙe shi, ai ba ni na haife shi ba. Ni da sai da na haura arba'in na shiga ajin manya na ƙaramar hukuma na koyi riƙe alƙalami, ni na zauna da waya na yi rajista da kaina, ban tambayi kowa ba. Na ɗauki takalman autana na fara fita da safe. Maƙwabciyata 'yar Ghana ta gan ni ina tafe ina nishi da hijabi, ta leƙo ta taga ta ce da Hausarsu ta Ghana, "Hajiya, wa ya koro ka?" Na wuce ta, numfashin ma da ƙyar.

Ranar gudun sanyi kamar zai cire kunne. Kowa da jar hula mai farin tuntu, har karnuka. Hajiya ta ɗora tata a kan ɗankwali, kuma ita da 'yata riga iri ɗaya. Wannan ba wanda ya gaya mini. A teburin karɓar lamba wata Baturiya ta miƙo mini alƙalami mai kauri, ta ce in rubuta sunana a ƙasan lambar, don 'yan kallo su riƙa kira suna ƙarfafa mini gwiwa. Na waiga. Hajiya na maƙala wa yarinyar lambarta a ƙirji, tana kiran sunan nan, tana maimaitawa kamar ita ta yanka ragon. Na sunkuya na rubuta "Maman", na ɗora sunan 'yata a gaba, baƙi bayan baƙi. Ina gamawa kunya ta kama ni. Na maƙala takardar na ja zif ɗin rigar sanyi na rufe.

Ana busa usur na zabura kamar an ce ga ɓarawo. Na wuce su, har da ɗan waige don su tabbatar ni ce. Ban yi nisa ba haƙarƙarina ya ɗaure, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Sai ga su tafe a hankali, kafaɗa da kafaɗa, suna hira ma.

Hajiya ta ce, "Sannu Hajiya! A hankali ake farawa, ki ja numfashi ta hanci."

Na ce, "Igiyar takalmi na tsaya gyarawa."

'Yata ta rage gudu. "Mama, are you okay? In tsaya?"

Na ce, "Ke, wuce."

Ta kuwa wuce. Ni na ce ta tafi, amma tafiyar ta fi haƙarƙarin ciwo.

Na ci gaba, rabi tafiya rabi jan ƙafa. Zufa ta jiƙa ni, na manta na buɗe zif. Sai na ji wani tsoho a bakin hanya yana tafi yana kiran abin da na rubuta. Gaba kaɗan wasu mata suka ɗauka. A karkace suke faɗinsa, amma sunan ne, kuma da ni aka haɗa shi. Na ɗan miƙe ƙirji.

Saura kaɗan in kai ƙarshe, bayana ba kowa sai wani mai tura keken jariri, na hango 'yata tana dawowa da lambar yabo a wuya. Sun riga sun gama. Ta zo za ta kama hannuna, sai idonta ya sauka a ƙirjina. Ta tsaya cak.

"Mama. Kin rubuta sunana."

Na ce, "Alƙalami ne ya rubuta, bakina bai faɗa ba. Matsa, kina tare mini hanya."

Ba ta matsa ba. Ta sa hannunta cikin nawa, a gaban Turawa da karnukansu, ni kuma ban ƙwace ba, na ce a raina ai gwiwa ce ke ciwo. Haka muka ƙarasa. Hajiya na bakin layin ƙarshe tana ihu tana miƙo mini ruwa. Na karɓa na sha. Matar kirki ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Kafin mu shiga mota 'yata ta ɓalle takardar daga rigata ta ce, "Wannan tawa ce." Ban tambaye ta inda ta ajiye ba.

Daga baya na gane ba gudunsu nake kishi ba. Bakin Hajiya nake kishi, yadda take faɗin abin da ke ranta ba tare da harshenta ya yi nauyi ba. Nawa har yau da nauyinsa, kuma ba na jin zai sauka kafin in mutu. Sai dai yanzu in zan tura wa yarinyar nan saƙo a waya, da sunanta nake farawa, ko da cewa zan yi ta taho mini da albasa.

Kishin kuwa yana nan, kada wani ya ce na shiryu. Akwai hoton su biyu suna tsallake layi hannu cikin hannu, an yi masa gilashi an rataye a falonta. Duk ranar da na je, kujerar da ta ba shi baya nake zama.