Nakiya Ta Arba'in

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, muna durƙushe a bakin aiki direbanmu ya zo ya tsaya a bayan jar igiyar da ke killace wurin. Da na ga ya cire hula ya riƙe a hannu, na san ta faru. Baba A-Hankali, shugaban ayarinmu na masu tonon nakiyoyi, ka cika a asibiti bayan jinyar mako uku. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa.

Shekara goma sha ɗaya ina mataimakinka. Mu muka laƙaba maka sunan nan, domin ko shayi aka miƙo maka sai ka leƙa kofin ta kowane gefe. Idan sabon ma'aikaci ya fara rawar jiki, sai ka karɓe tsinken tono daga hannunsa ka zaunar da shi a inuwa, ka ce gara ya ji haushinka yana da ƙafafunsa biyu. Gwiwoyinka sun yi kanta don durƙuso, har uwargidanka kan yi maka tsiya wai raƙumi ta aura ba ta sani ba. Duk gonar da muka gama sharewa kuwa, sai ka tuɓe sulke ka taka ta kusurwa zuwa kusurwa a gaban mai ita, sannan ka sa hannu a takardar shaida.

Gona ɗaya ce ka ƙi takawa. Tana bayan tsohon bariki, ta wata tsohuwa ce mai riƙon jikoki biyar. Lokacin rikici sojoji suka binne nakiyoyi a cikinta, taswirar da suka ba mu ta ce arba'in ne. Muka tono talatin da tara. Wata bakwai muna bin ƙasar nan taku-taku da na'ura, ta ƙarshen ta ƙi fitowa.

Hafsan da ke kula da aikin ya gaji. Ya ce kuskuren magatakarda ne, ko kuma ta daɗe da tashi da wata akuya, a sa hannu a wuce wurin. Ina tsaye ka amsa masa.

"Ranka ya daɗe, ku kuka binne, ku kuka ƙirga. In ka tabbata babu, zo mu taka tare, ni a gaba kai a baya."

Bai zo ba. Abin da ya fi ci maka rai shi ne tsohuwar da kanta ta zo tana roƙonka, damina ta ƙarato, ba ta da inda za ta shuka. Har baƙar magana ta gaya maka. Ka haɗiye, ka riƙa kai mata hatsi daga rumbun gidanka, amma hannu dai ba ka sa ba.

Haka ka yi a gaban kwamitin da ke duba dokar hana binne nakiyoyi kusa da gonaki da hanyoyin jama'a. Manya suka yi ta bayani cewa nakiyoyin nan bariki suke karewa. Kai kuma ka ce a cikin duk mutanen da ka kwasa da hannunka ba ka taɓa ganin mai bindiga ba, sai masu fartanya da masu tulu. Aka yi maka tafi, aka jefa dokar a aljihun tebur.

Baba, bari in faɗa maka abin da ya faru bayanka. Ana zaman makokinka hafsan nan ya zo ya yi gaisuwa, sannan ya ja ni gefe ya zaro takardar shaidar gonar nan. Ya ce yanzu ni ne babba, kada in gaji taurin kai. Ba zan ɓoye maka ba, na gaji, hankalina ya rabu biyu, har na karɓi biro. Kunyarka ce ta sa na mayar masa.

Muka koma, muka bar taswira muka bi hanyar da ruwan sama ke gangarawa. Ranar Asabar muka sami nakiya ta arba'in a cikin laka, taku sittin daga iyakar gonar, a gefen hanyar da mata ke bi zuwa rafi. Tana nan da ranta. Tsohuwar ta zo ta hango daga bayan igiya, ta zauna a ƙasa.

"Ta nan nake bi da jikokina kullum," in ji ta.

Masu cewa maganar doka ta bi ka kabari su sake tunani. Za mu koma ƙofar kwamitin nan, tsohuwar ma ta ce da ita za a je, kuma ba za mu tashi ba sai an fito da takardar dokar.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka share wa bayinSa hanya, Ya share maka taka zuwa Aljanna. Ga uwargida, da 'ya'yanka shida, da ƙannenka, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da ka bari a durƙushe, Ya tsare mana hannuwanmu daga sa hannu a kan ƙarya. Amin.