Tafiyar Malam da Furar Ƙanwata

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma in ana gardamar abin da ke sauke wa mutum ƙiba, tafiya ce ko rage ci, to a matsa a ba ni wuri. A gidana aka yi wannan rigimar, kuma da idona na ga yadda ta ƙare.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, limamin unguwarmu ne a can wajen Kara, limancin da ya gada daga mahaifinsa. Ni daga Durun aka kawo ni, gidan masu shanu da suka zauna suka kama noma. Zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madarar gwangwani suka zama kayan gani a hannun wani, Malam siriri ne kamar karan dawa. Kuma ba wani motsi yake yi ba. Daga buzunsa sai masallaci, daga masallaci sai buzunsa. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man gyaɗa kuwa da bakin cokali nake ɗiga shi. Ban taɓa jin ya ce gwiwa ba.

Sai aka kawo Shari'a. Kiɗa ya yi sanyi a bukukuwa, kowa ya koma walima, walima kuwa ba ta cika sai da malami. Yau suna a Sabon Birni, gobe saukar karatu a Gwarzo, jibi ɗaurin aure a Kabo. A zo da babur a ɗauke shi, a dire masa shinkafa, mai ya kwanta a kanta, ga nama, ga lemon kwalba. Shi kuma Malam ba ya mayar da kwano. Cewa yake wanda ya kawo maka abinci lada yake nema, in ka ƙi ci ka hana shi ladansa. A haka ya dinga ba mutane lada har rigunansa suka daina shigarsa.

Wata magariba ina tsakar gida ina sauraron salla ta lasifika. Na ji kabbarar sujada, na jira ta tashi, shiru. Sai numfashi nake ji, fuu, fuu, unguwa duka tana ji tare da ni. Da ƙyar kabbarar ta fito. Da ya shigo bai nemi tuwo ba, ya zauna bakin gado yana murza gwiwa.

Ya ce, “Sai da ladan ya kamo ni.”

Na ce, “Sannu, Malam.”

Ya ce, “Ba sannu ba ce. Wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa, da bakina nake karantar da wannan. Na gaya wa dattawa su ba ni zuwa bayan kaka. In ban iya ba, su tsayar da wani.”

Tun kakansa gidan nan ke jan salla a masallacin nan. Na san in ya sauka, ciwon ya fi na gwiwa.

Babban ɗanmu ya kai shi asibiti a Gwarzo. Likita ya ce gwiwa ta gaji da kayan da aka ɗora mata, ya riƙa tafiya kullum, ya kuma rage maiƙo da zaƙi. Malam ya dawo gida da rabin maganar. Ya ce da ni, “An ce tafiya.” Ɗaya rabin a bakin ɗana na ji shi, a bayan ɗaki.

Ya kama tafiya kuwa, ban rage masa ba. In ya sallami masu ɗaukar karatun safe sai ya ɗauki sanda, ya bi ta cikin unguwanni, ya ƙetare rafi zuwa unguwar da ƙanwata take aure, ya kewayo. Ya dawo jiƙe da gumi yana cewa, “Yau na yi nisa.” Wata ya mutu, wani ya tsaya. Ni da nake wanke masa kaya na san wuyan rigar nan bai saki ba, sai ma ƙara kamawa da ya yi. Abin da ya fi ɗaure min kai, mutumin da ya yi wannan tafiyar ya dawo ba ya tambayar abinci.

Ran nan na yafa mayafi na bi sawunsa, wai zan gaida ƙanwata. Me zan gani? Malam a zauren gidanta, ya miƙe ƙafa a tabarma, ƙwaryar fura a gabansa, kindirmo har ludayi na tsayawa a ciki. Ita kuma tana daga bakin ƙofa tana zuba masa tsiya, da yake abokin wasanta ne.

“Sha, mijina, sha. Na san a gidan Yaya ruwan kuka ake ba ka.”

Ya ce, “Ke dai rowar sukari ce da ke.”

Ta ce, “Rowa? Bari in ƙaro!”

Sai suka gan ni. Malam ya ajiye ludayi kamar ba shi ba. Na ce, “Ashe nan asibitin ya koma.”

Na ja ta cikin gida. A nan na ji sauran labarin. Ai ba gidanta kaɗai ba ne. Tun da aka ga Liman yana yawo a ƙafa, kowane gida suka ce ziyara ce. A fito a gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ibada, ya muka ji da zafi, kafin a kai ƙarshen gaisuwa an shimfiɗa tabarma. Nan koko da ƙosai, can waina, can dafaffen rogo da mai. Gidan da aka tsallake jiya, yau su tare hanya don kada a ce an raina su. Furar ƙanwata ita ce ta rufe taro.

Na ce da ita ta bari. Ta riƙe haɓa. “Yaya, Malam ya zo ƙofata ya tafi baki a bushe? In ce wa dangin mijina me? Ke kya yi?”

Gaskiyarta, ni ma ba zan yi ba. Mu a gidanmu baƙo bai taɓa fita ba a dama masa ba. Na gane masu bayarwa ba za su hanu ba.

Da azahar na same shi. Na ce, “Malam, a tsuke bakin aljihu taku nawa kake yi a yini?”

Ya ce, “Me ya kawo wannan?”

Na ce, “A zaune kake, kuma iska na iya ɗaukar ka. Yanzu kana kewaye ƙasa kana ƙaruwa. Abin da ƙafa ta zubar da safe, hannu ya mayar da ninkinsa kafin hantsi.”

Ya ce, “To in wulaƙanta mutane?”

Na ce, “Wannan kuma ku ne masu littafi. Ni tukunyata na sani.”

Ya yi kwanaki ba ya min magana sai ta dole. Rannan da daddare kafin ya kwanta ya ce in tashe shi sahur. Ashe ya nemo hanyarsa. A ƙasar nan kalma ɗaya ce mutum zai faɗa a janye kwano ba a ji haushi ba: ina azumi. Ya kama Litinin da Alhamis, ya haɗa da fararen kwanakin tsakiyar wata. A waɗannan ranakun yake bi ta cikin unguwanni, a gaisa, a yi addu'a, ya wuce. Sauran ranakun ya bi ta hanyar gonaki, inda ba zaure ko ɗaya. In walima ce ya ɗauki loma biyu ya sa albarka, ya ce a kai wa iyali, ni kuma in raba wa maƙwabta.

Saura tukunyata, ita kuwa ba ta jin wa'azi. Malmala ɗaya, miya da yawa, rama da zogale da kabewa, mai da bakin cokali kamar da. Shayi ba sukari. Ya leƙa kwano ya ce, “Ɗayar malmalar fa?” In ce, “Tana gidan ƙanwata.” Ita kuma ta aiko a gaya min wai na mayar mata da miji tsumma. Ta yi fushi na gaske, har suna aka yi a gidana ta zo ta zauna nesa da ni.

Ba na zaluntar tafiya. Ita ta kwance masa gwiwa, ta buɗe masa ƙirji, ya koma barci kamar jariri. Amma ta yi watanni ita kaɗai ba ta cire masa ko tsoka ɗaya ba. Sai da kwano ya ragu sannan wuyan riga ya saki.

Da aka gama yankan dawa dattawa suka zo zaure, ladan na cikinsu. Ina bayan katanga ina ji. Babbansu ya yi ta kewaye-kewaye, amfanin gona, lafiyar iyali, kunya ta hana shi tambaya. Malam ya ce, “La'asar ta yi, mu je.” Ya miƙe daga tabarma bai dafa ƙasa ba, bai dafa kowa ba. Ladan ya ce, “Ikon Allah!” Ba wanda ya sake ta da maganar.

A tsaye ya ja su salla har ciwon ajalinsa ya kwantar da shi. Duk wanda ya tambaye shi sirrin, cewa yake, “Tafiya, ɗana, tafiya.” Mutumin ya fita yana jinjina kai, matarsa kuma ta shigo wurina ta tambayi yadda nake auna mai.