Baba Ayuba da Makirufo Uku

Ranar da na sauka daga jirgi a Birniwa, zamanin Turawa, abin da na fara gani a ƙaramar majami'ar ma'aikatan reluwe shi ne wani tsoho yana ƙwanƙwasa benci da farce, ya kara kunne. Ku da kuka san Baba Ayuba, mai kula da majami'ar, kun san ba ya yarda da abu sai ya ƙwanƙwasa shi sau uku: tukunya, kankana, har kawunanmu mu 'yan makaranta. Da ya ƙwanƙwasa nawa ya ce, "Akwai abu a ciki, murfin ne ya ƙi buɗuwa." Gaskiyarsa, don ko sunana aka tambaya sai in sunkuyar da kai.

Da Baturen mishan ya kawo lasifika daga Kano da makirufo uku a zaɓi ɗaya, Baba ya jera su kamar kifin garin Guri a kasuwa. Yana ƙwanƙwasa na farko lasifika ta yi kuwwa, jakin maƙwabta ya amsa.

"Ku kai masa, ɗan'uwansa ne," in ji Baba.

Fasto ya miƙe zai gwada na biyu. Baba ya ce, "Haba Fasto, kai da ake jin tarinka daga Haɗeja? Ba dominka aka kawo ba."

Ya zaunar da matarsa Inna Saratu a bencin ƙarshe. Kunnenta ya daɗe da yin nauyi, motsin baki kawai take gani in ana karatun Littafi. Sannan ya nuna ni. "Zo, 'yar shiru. Wanda ya kai muryarki kunnen tsohuwata, shi ne namu."

Na soma karatu. Da na biyu, mai sheƙi, Inna ta ci gaba da gyangyaɗi. Na uku baƙi ne, kamar ludayi. Da shi kuwa, ban gama aya ba ta ɗago kai ta ce, "Malam, 'yar wa ce wannan? Ashe tana magana."

Baba ya juya mana baya ya yi ta ƙwanƙwasa bangon da shi ya gina da hannunsa, yana goge ido da hannun riga.

Daga baya har hula ya ɗinka wa makirufon, wai kada sanyin fadama ya sa masa mura.

Allah ya ba shi hutawa, ya sada shi da Inna inda ba a buƙatar lasifika. Ranar da aka binne shi na je wurin 'yarsa Rahila, ban ko sunkuyar da kai ba, na ce, "Yaya, don Allah ki bar mini hular nan."