Wushiryar Baba Tela

Duk wanda ya hau matakalar asibitin haƙorin nan da ke saman kantin magani, fuskar da zai fara gani ita ce ta Mai Kati. Gajeriyar mace ce, mai tabarau da ta ɗaure da zare don kada ya faɗi. Shekararta goma sha tara a wurin, kuma da shara ta fara. Tsohon Likita, Allah ya jiƙansa, ya lura cewa in ta zo goge teburinsa, sai ta kife duk takardar da ta samu a buɗe kafin ta sa tsumma. Ranar da mai riƙe katuna ta bar aiki, kawai sai ya miƙa mata makullin durowa.

Makullin yana nan a wuyanta har yau, cikin hijabi. Ba ta kiran marar lafiya da suna a ɗakin jira, lamba take kira. Kwamfutarta bango take kallo. Takardar da aka gama da ita ba ta shiga kwandon shara sai ta bi ta injin da ke yanka ta siri-siri. Sau biyu a shekara masu duba asibitoci kan zo daga hukuma, su buɗe nan su leƙa can. Wani daga cikinsu ya taɓa gwada ta, ya ce, “Wannan da ya fita, ba mai gidan man nan ba ne?”

Ta ce, “Ranka ya daɗe, ni dai lamba bakwai na sani.”

Ya yi dariya ya rubuta wani abu a littafinsa.

Gwaggo ce ta raine ta, yayar mahaifinta. Tana shekara goma sha ɗaya mahaifin ya rasu, da wani ciwo da ya fara masa a baki. Ya ɓoye wa kowa, yana cewa zafin ciki ne, har sai da ruwa ma ya gagara wucewa. Gwaggo ba ta taɓa daina cewa, “Da na sani da wuri” ba. Ta ɗauko marainiyar ta kawo ɗakinta, mijinta Baba Tela ya ɗinka mata kayan makaranta da hannunsa. Mutum ne mai yawan dariya, da wushirya a tsakanin haƙoransa na sama. Almakashi na gefensa amma bai taɓa yanke zare da shi ba, da haƙori yake gutsurewa. Gwaggo kan ce ita ba don kekensa ta aure shi ba, don wushiryar nan ce, in ta tafi ita ma ta tafi.

To, shekara arba’in da wani abu na gutsurar zare da ciwon dasashi suka taru. Wata Talata da hantsi sai ga Baba Tela ya hawo matakala yana haki, da takunkumi a fuska. Ya sunkuyo kan teburin.

“’Yar nan, nan wurin in mutum ya zo, ana faɗa wa na gida?”

“Ba a faɗa wa kowa, Baba, sai wanda ka ce.”

“To ban ce ba.”

Haƙora huɗu na gaba aka cire masa, duk sun riga sun yi girgiɗi. Likita, ’yar tsohon Likita ce yanzu, ta ce sai dasashin ya warke sannan a yi masa na roba. Ya roƙe ta abu ɗaya, ta bar masa wushiryarsa a tsakani. Shirinsa ke nan, ya lallaɓa da takunkumi da sunan mura har a gama, Gwaggo ba ta ji ba ta gani ba.

Ƙa’idar wurin ita ce, in katin ɗan uwanka ne, ka miƙa wa abokin aiki ya yi kiran tuni. Mai Kati ta san wannan sarai, ita ce ma take koya wa sababbi. Amma ranar da ya kamata a tuna masa da zuwa gwaji, Nas, abokiyar aikinta, ba ta zo ba, ita kuma ta ce a ranta, ai Baba ne, minti ɗaya. Ta buga. Aka ɗauka.

“Salamu alaikum, yana alwala. Wa ke magana?”

Muryar Gwaggo. Mai Kati ta faɗi abin da aka koya musu, “A ce masa ya kira wannan lambar,” ta kashe. Amma wadda ta yi maka tsifa shekara goma ba ta mance muryarka.

Ba a yi awa ɗaya ba Gwaggo ta iso, ta hau matakala goma sha huɗun nan da gwiwar da ba ta son hawa. Akwai mutum uku a ɗakin jira. Mai Kati ta kama hannunta ta kai ta ɗan lungun da suke salla, ta ja labule.

“Me ke damunsa?”

“Gwaggo, zauna ki huta tukuna.”

“Ban zo hutu ba. Sati uku ke nan ba ya cin abinci a gabana, ya ce ya ci a shago. Nama na ajiye masa, ya ce a ba maƙwabta. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya juya wa bango fuska in zai kwanta. Haka ubanki ya fara.” Ta matso kusa. “Ki ce mini ba ciwon nan ba ne. Kalma ɗaya.”

Kalmar tana kan harshen Mai Kati. Haƙori ne kawai, Gwaggo. Da ta faɗa, da tsohuwar ta sauka tana hamdala. Ta ji makullin ya yi mata nauyi a ƙirji. Ta tuna yadda Baba ya sunkuyo ya ce, to ban ce ba.

“Gwaggo, ba ni da ikon cewa wane ya zo ko bai zo ba. Ko ke ce, haka zan ce wa wani. Ki tambaye shi.”

“Na tambaya! Mura, mura.” Ta dube ta daga sama har ƙasa. “Ni na wanke miki kai, ni na zauna a kanki da kika yi ƙyanda. Yau ni ce bare a kan takarda?”

“Amana ce, Gwaggo.”

“To ki riƙe amanarki.”

Ta sauka ba ta yarda an riƙe mata hannu ba. Mai Kati ta tsaya a saman matakala tana jin takunta ɗaya bayan ɗaya har ƙofar ƙasa ta rufe. Ta koma ta sami Likita bayan wani marar lafiya ya fita, ta gaya mata kuskuren da ta yi na kiran. Likita ta ce ta rubuta a littafin da suke rubuta irin wannan. Ta rubuta da hannunta, kwanan wata da komai. A sallar la’asar ta daɗe a sujada.

Da aka tashi ba ta wuce gida ba, ta bi ta shagon Baba Tela. Ta same shi shi kaɗai yana neman almakashi a ƙarƙashin yadi, don yanzu dole ya yi amfani da shi.

“Baba, ni na buga, Gwaggo ta ɗauka. Laifina ne, ka yafe mini. Ban faɗa mata komai ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ka san abin da take zato?”

“Me?”

“Ciwon babana.”

Ya zauna a kan kujerar keke. Ya sauke takunkumin, ya manta da kunya, bakin nan ya lotsa kamar na jariri.

“Innalillahi. Ni ina ta tunanin kada ta ga bakina.”

Ta ciro takardar izini daga jaka ta ajiye a kan keken. “In ka rubuta sunanta a nan ka sa hannu, Likita za ta iya yi mata bayani. In ba ka so, ka yaga. Naka ne.”

Bai sa hannu a gabanta ba, ita ma ba ta tsaya jira ba.

Washegari da safe ta ji taku iri biyu a matakala, duka a hankali. Baba Tela ne a gaba, ba takunkumi, ya rufe baki da hannu. Gwaggo na baya da takardar a ninke. Ta ɗora a kan teburi ba tare da ta dubi Mai Kati ba.

“Lamba nawa ne wannan tsohon banzan?”

“Lamba biyu, Gwaggo.”

Ƙofar ɗakin Likita a rufe take, amma muryar Gwaggo ba ta san ƙofa ba. An sa masa haƙoran gwaji, waɗanda ake iya matsawa kafin a ƙarfafa su, aka ba shi madubi.

“Ba haka take ba,” in ji Gwaggo. “Ta fi wannan faɗi. Kuma na hagun nan ya ɗan karkata. Likita, shi ai bai taɓa ganinta ba sai a madubi, ni ce na shekara arba’in ina kallo.”

Mai Kati ta ƙara sautin rediyon ɗakin jira, kamar yadda take yi duk lokacin da magana ta fito waje, ta cire tabarau ta goge.

Da suka fito, Gwaggo ta ce wa Baba ya yi gaba, za ta gyara takalmi. Ta jira sai da ya yi nisa a matakala, sannan ta sunkuyo kan teburin, daidai inda ya sunkuya ran nan.

“Ke. Da gaske ko ni ce ba za ki faɗa masa ba?”

“Ko ya zo da kuka.”

Gwaggo ta taɓa kuncinta na dama. “Akwai wani na can ciki, tun bara. Da ɓangare ɗaya nake tauna. In ya ji, dariya zai yi mini har in mutu.”

Mai Kati ta zaro makullin daga wuya, ta buɗe durowa ta ɗauko sabon kati. Ta ɗaga biro, sai ta tuna, ta mayar da murfinsa.

“Nas ce za ta cike miki, Gwaggo. Ni ’yar gida ce.”

Ta miƙa mata lamba biyar. Gwaggo ta karɓa, ta riƙe yatsun nata ɗan lokaci kafin ta saki, ta je ta zauna a layi.