Zoben Inna Mai Ruwan Ɗorawa

Har yau idan wani ya ce mini, "Ai ke 'yar boko ce, kin fi mu sani," sai in ji raina ya ɓaci. Wannan maganar ce ta ci wa Innata ido ɗaya, kuma da bakina aka yi.

Inna mazarƙwaila take sayarwa. Shekara da shekaru tana sarowa a Maƙarfi tana kai wa kasuwar Ikara, duk abin da ya taru ta mayar da shi gwal: awarwaro biyu, sarƙa, da 'yan kunne. Ko biki ba ta sawa. A cikin kwalla take ajiye su ƙarƙashin gado, tana cewa na ranar ciwo ne. Ranar kuwa ta kusa, don yana ta fara rufe mata idanu biyun, likita ya ce sai ta nuna za a yi aiki.

Zamanin soja ne, ana ta waƙar tsuke bakin aljihu. Mu tsuke me? Ina koyarwa a firamare a Kudan, albashi sai ya ga dama yake zuwa, sabulun wanki ma sai an bi layi, ga mai bulala tsaye a kanka. Naira kullum zubewa take yi, kowa hankalinsa a tashe kan ɗan abin da ya ajiye.

A cikin wannan hali wata Hajiya mai saro kaya daga Jidda ta shigo gidanmu wata Asabar da hantsi. Baki kamar zuma. Ta ce wa Inna gwal ya zama abin ɓarayi, masu wayo yanzu daimon suke ajiyewa, wato lu'ulu'u, dutse ɗaya ka ƙulle a bakin zane ya fi awarwaro biyu. Ta shimfiɗa wani jan ƙyalle a ɗakin Inna mai 'yar ƙaramar taga, ta ɗora zobba biyu. Dutsen ɗaya fari ne tas, na ɗayan yana da ɗan ruwan ɗorawa. Ta ce kuɗinsu ɗaya, Inna ta zaɓa, ta ba da gwal ɗinta a madadi.

Inna ta kai su kusa da fuska, ta girgiza kai, ta miƙo mini. "Idona ba ya rabewa. Ke 'yar boko ce, duba mini."

Wallahi da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma ina! Malama guda? Abin da na tashi na gani shi ne, a gwal wanda launinsa ya fi kamawa shi ne mai kyau, wanda ya yi fari-fari an yi masa haɗi. Kowace mace a garinmu ta san wannan. Sai na ɗauki ilimin gwal na jibga wa daimon. Na ce, "Inna, wannan farin ai kamar fasasshiyar kwalba yake. Ɗauki mai launin, shi ne ya nuna."

Hajiya ta tafa hannu. "Kai, Malama, kin san kaya!" Kafin in ƙifta ido ta cusa farin zoben a jaka, ta haɗa da gwal ɗin Inna. Ni kuma, sakarya, har da murmushi.

Damina biyu bayan nan yanar ta nuna. Asibiti a lokacin komai saya ake yi, har auduga. Na ɗauki zoben na shiga mota zuwa Zariya wurin wani dattijo mai sayen gwal da duwatsu. Bayan mun gaisa ya juya zoben, ya ninke farar takarda, ya fito bakin ƙofa inda haske yake amma ba cikin rana ba. Ya kwantar da zoben ta gefe a kan takardar, ya ajiye wani ɗan dutse nasa kusa da shi.

"'Yata, duba da kanki."

Nasa kamar ɗigon ruwa. Namu kuwa kamar man gyaɗa.

Ya ce daimon ba gwal ba ne. Shi darajarsa a rashin launi take, duk 'yar rawayar da ta shige shi kuɗi take ragewa. Ya ce zoben gwal yana ɓoye wannan rawayar, jan ƙyalle da ɗaki mai duhu sun fi ɓoyewa, shi ya sa ba a sayensa sai an gan shi a kan farar takarda da hasken yini. Na ce, "Baba, to jabu ne?" Ya ce a'a, na gaske ne, sai dai na ƙasa-ƙasa. Wannan ya fi ƙona mini rai, don ko ƙararta na kai ban da abin faɗa. Na shiga shaguna uku bayan nasa, duk bakinsu ɗaya.

Ban wuce gida ba, gidan Hajiyar na nufa. Na tarar da ita cikin mata tana baje atamfofi. Na ce, "Ba ki ji tsoron Allah ba! Tsohuwa mai ciwon ido kika cuta!" Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Malama, biyu na kawo. Ni na zaɓa muku?" Na yi ta zazzaga masifa har muryata ta dushe, mata suna riƙe ni. Maganarta gaskiya ce, kuma har gobe ban yafe mata ba.

Da na sayar da zoben, abin da aka ba ni bai kai kuɗin aikin ido biyu ba. Na dama aka yi wa aiki. Aka ce na hagu sai an samu hali, halin bai samu ba har Allah ya karɓi abarsa. Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Duk shekarun da suka rage mata, idan na je gaishe ta, ta hagunta nake zama, don kada ta ga fuskata.