Ranar da Na Raba Wa Jalingo Filaye

Shekarar da ake ta hayaniyar zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Nukkai, nan Jalingo, kuma ba ƙaramin ji da kaina nake yi ba. Baffana, yayan mahaifina, yana cikin wakilan jam'iyya da za su je babban taro su zaɓi ɗan takara. Tsohon dillalin shanu ne a unguwar Sarkin Dawaki, ɗan mazan jiya na ƙin ƙarawa. Bai tara komai ba, amma idan ya ce abu kaza ya faru, ba mai neman ya rantse. Da maganarsa ake kashe rigimar iyakar gona, da ita ake karɓar baƙon da ya zo neman aure.

Duk 'yan takarar nan babu wanda ya tsira daga bakinsa. Ɗaya yana rina gemu, kuma a wurin Baffa mai ɓoye furfurarsa ba abin da ba zai ɓoye ba. Wani yana magana da sauri kamar ana korarsa. Na ukun ya taɓa miƙa wa sarki hannu a tsaye, shi kenan, an shafe sunansa. Shi abin da yake so a kawo taki a kan lokaci, a bar sarakuna da mutuncinsu, a daina taɓa abin da ba a ce ya lalace ba. Zancen Turawa sun je duniyar wata kuwa, tsaki kawai yake ja. Ya ce an yi wata ne don a duba shi a ɗauki azumi, ba don a taka shi da takalmi ba.

Sai ga ɗaya daga cikin 'yan takarar, mutumin Kudu, ya zo Jalingo zawarcin wakilai. Ba ya jin Hausa, aka shiga neman tafinta, Baffa ya ce ai yana da ɗa. Na sha guga, na ɗora hula, na isa zauren otal ɗin tun hantsi, ina tafiya kamar ni ne ɗan takarar.

Da farko abin ya tafi sumul. Ya yi maganar noma, na juya. Ya yi maganar gidaje, na juya har da ƙarin gishiri. Lasifikar ce dai take ƙara tana yankewa, har cikin wata ƙara na tsinci ƙarshen jimlarsa: kowane yaro a ƙasar nan yana da rabo a sifes. To, mu a Jalingo sifes wurin zama ne. Ka tsayar da keke Napep ka tambayi direba ko akwai sifes, ka je kasuwa neman sifes na kasa kaya. Ga shi yanzu ya gama zancen gidaje. Ban ko yi tunani ba na gyara murya na ce, “Ya ce kowane yaro a ƙasar nan zai samu fili!”

Wayyo, zauren nan kamar zai tsage. Tafi, kabbara, guɗa daga ɓangaren mata, wani dattijo har ya jefa hularsa sama. Ɗan takarar ya tsaya baki buɗe, daɗi ya kama shi. Ina jin duk garuruwan da ya zaga ba inda aka taɓa yi wa wannan zancen tafi. Sai ya ajiye takardarsa ya shiga yi da ka, ya kawo roka, ya kawo tauraron ɗan'adam. A nan na gane sararin samaniya mutumin nan yake nufi da sifes.

Da ina da hankali, a nan zan tsaya in gyara. Amma wallahi tafi yana da daɗi. Ban taɓa sanin haka yake bugarwa ba sai ranar. Na hango Baffa a layin gaba yana gyaɗa kai, mutumin da tun ina yaro bai taɓa gyaɗa mini kai ba. Sai na ji bakina yana cewa tauraron ɗan'adam ɗin shi zai auna filayen daga sama, don kada wani ya ci iyakar wani. Aka sake ɓarkewa da tafi. Da ya ɗaga hannu ya ce wata rana ƙafar ɗan ƙasar nan za ta taka wata, ni ma na ɗaga nawa hannun na ce, “Cikin wata guda kowa zai taka nasa!” 'Yan bokon da ke baya suna ta ƙyalƙyala dariya suna riƙe ciki, ba wanda ya tona. Ɗan takarar ya rungume ni a gaban jama'a ya ce bai taɓa samun tafinta irina ba. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Matata ta tambaye ni yadda aka yi, na kwaikwaya mata jawabin a tsakar gida da ludayi a hannu, har ta ce in zauna kafin maƙwabta su zaci an yi mini wahayi.

Kwana biyu ina wannan shauƙin. Rana ta uku na je gaishe da Baffa, sai maƙwabciyarsa, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Mumuye mai sayar da doya, ta tare ni a bakin hanya.

“Malam, yara na shida ne fa. Fili shida zai ba ni ko ɗaya babba? Baba ya ce gaskiya ne. In Baba ya faɗi, ni ba tambaya.”

Ashe Baffa ya bi unguwa ya ba da labari, a masallaci, a wurin mai shayi, a gidan suna. Ya ce ya ji da kunnensa, kuma ɗansa ne ya fassara. Har wani mai haya a Kachalla Sembe ya fasa sabunta hayarsa. Dariyar ta fice mini fit.

Na same shi a zaure yana shirya jakar tafiya taron. Na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa komai, har da inda na gane amma na ci gaba.

“Ɓingel am,” ya ce, wato ɗana, haka yake kirana da Fillanci in abu ya yi tsanani. “Kana nufin sama yake so ya kai mu?”

“Sama, Baffa.”

“Can inda wata yake?”

“Can.”

Na so ya zage ni, ko ya ɗauki sanda, da na fi samun sauƙi. Sai ya ajiye jakar, ya sa takalmi, ya ce in biyo shi.

Muka fara da gidan mai doya. Na buɗe baki zan yi bayani, ya ɗaga mini hannu.

“Maganar filin nan babu ita,” ya ce mata. “Kunnena ne ya tsufa, na ji ba daidai ba. Ki yafe ni.”

Ta dube shi, ta dube ni. “Kai, Baba, kai ma kana kuskure?”

“Ga shi kin gani.”

Haka muka bi gida gida har la'asar, har Kachalla Sembe wurin mai hayar nan, yana maimaita maganar kunnen, ina biye da shi kamar bebe. Kunya ta ishe ni, ga tausayinsa. A hanyar dawowa na ce, “Baffa, don Allah ka bar ni in faɗa musu ni ne.”

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, “Ni na gama cin tawa kasuwar. Kai gobe za ka tsaya gaban 'ya'yansu a aji, dole su yarda da abin da ka faɗa musu.”