Farar Kyanwar Kakata

Jiya wani ya wuce ta ƙofar gidana a kan babur, goye da tankin feshi. Warin maganin na bugun hancina, sai ga ni a gidanmu na Haɗejiya, ina 'yar shekara tara.

A shekarar, bayan ruwan kogi ya janye, malamin gona ya kawo wa Baba wata farar hoda ta kashe tsutsa. Baba yana da ɗan fili a bayan gida inda yake rainon irin tumatir kafin ya kai fadama ya dasa. Sai ya ƙulla hodar a tsumma, yana kaɗa ta a kan ganyen kowace safiya. Ya ja mana kunne, ya sa aka ɗaure awaki, aka tsare kaji. Kyanwa ce kaɗai ba wanda ya tuna da ita.

Kyanwar ta kakata ce, fara sol, don haka ko ta kwaso hoda ba ka gani. Kakata ba ta gajiya da faɗa mana cewa kyanwa ba ta da najasa, ruwan da ta sha ma ana alwala da shi. Saboda haka a gidanmu ba a wanke hannu don an taɓa ta. Ita kuwa da rana ta take, sai ta je ta yi birgima a danshin ƙasar tumatir ɗin, ta dawo ɗaki abinta.

Ni ce mai rainon ƙanwata, jaririya 'yar wata takwas, ga ni da son carafke kamar me. Sai na gano dabara: in kwantar da ita a tabarma, in ajiye mata kyanwa. Ta damƙi gashin ta kai baki, shiru kake ji, ni kuma in fice wajen ƙawayena.

A kwana na huɗu ƙanwata ta fara dalalar da miyau, sai amai, sai karkarwa. Innarmu ta ce haƙori ne. Maƙwabciya ta ce iska ce, aka yi hayaƙi. Ana cikin haka kyanwa ta shigo tana tangaɗi, ita ma da miyau a baki. Kakata ta ɗauke ta ta shinshina, ta zaga bayan gida ta shinshina tsumman Baba, sannan ta dawo ta tsaya a kaina.

"Ke, wa yake haɗa yarinyar nan da kyanwa?"

Na ce ni ce. Ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Baba ta juya ta kalla.

"Ɗauki 'yarka ka kai ta asibiti. Ka tafi da tsumman nan su gani."

Kwananta biyar a can, ta dawo da ranta. Kyanwa ba ta kai dawowarsu ba. Kakata da hannunta ta binne ta a gindin tsamiya, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake ajiye wata ba.

Yanzu feshi ya zama ruwan dare, har ciyawar ƙofar gida magani ake zuba mata, wa zai tsaya nome ta? Jikata ma tana da kyanwa. Duk sanda kyanwar ta shigo daga waje sai na ɗauke ta na shinshina, yara suna dariya wai tsufa ya fara taɓa ni. Ƙanwata ce ta fi kowa yi mini tsiya, ni kuwa har yau ban faɗa mata dalili ba.